Gayyar da Baffa Bai Kira Ba

Ni ne ban kyauta ba, ba Baffa ba. Na fara da wannan ne domin a zaman makokinsa na ji ana ta da maganar gayyar nan kamar ni na yi abin kirki shi kuwa ya yi taurin kai, na yi shiru saboda wurin na addu'a ne. Karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, amma ya ishe ni in rubuta abin da na sani game da ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ban san fuskar ubana ba. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a tuna shi a karkace.

Ya rasu da kaka, bayan an gama ɗaure gero, a ƙauyenmu da ke tsakanin Safana da Batsari. Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. Na Runka sun tako da ƙafa. Wasu tsofaffin Fulani daga bakin dajin Rugu, waɗanda suka yi kiwo tare da shi tun suna samari, suka zauna gefe guda da sandunansu, suna ta addu'a. Liman ya ce shi abin da zai shaida guda ne, bai taɓa tayar da salla ya waiga bai ga Baffa a ƙarshen sahu ba, da ƙafarsa a miƙe. Tsohon makaɗin noma na garinmu, wanda idonsa ya tafi yanzu, aka jawo shi har zaure. Ya ce ya yi wa maza da yawa kiɗa a gona, amma mutum ɗaya ne ya taɓa roƙa ya ba shi izinin ajiye ganga, mutumin ya hana shi. Waɗanda suka san labarin suka sunkuyar da kai.

Cikin gida kuwa mata suna ta ba Inna, matar Baffa, haƙuri. Matata ta gaya mini cewa da abin ya yi yawa sai Inna ta ce, "Haƙuri ai na cinye shi tun yana da rai, me kuka rage mini?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta har aka kira la'asar.

Baffa ba da noma ya tashi ba. Gidanmu rabi shanu ne rabi gona, shi kuma aka ba shi shanu. Ina ƙarami annoba ta shiga garke. Abin da nake tunawa shi ne warin da ya cika mashekari, da ungulu a kan kowace bishiya, da wani maƙwabcinmu da ya rasa nasa ya riƙa yawo cikin daji yana kiran shanun da sunayensu har danginsa suka ɗaure shi. Ranar da mai tsaron garken ya zo wa Baffa da labarin cewa bijimin ma ya faɗi, yana zaune yana tufka igiya. Bai ajiye ta ba. Ya ce, "Me ya saura?" Aka ce karsana guda da ba ta kamu ba, da jaki. Ya ce to a raba karsanar da sauran, a ba jakin ruwa. Wannan tambaya ita ce ta'aziyyarsa ga kowa. In an yi wa mutum sata, ko fara ta cinye masa gona, sai ya bari jama'a su gama jajantawa, sannan ya matso ya tambayi me ya saura. Wasu suna jin haushin haka, suna cewa ba shi da tausayi.

Da shanu suka ƙare ya kama garma yana babba, yana koyo wurin waɗanda ya girme su. Sun yi masa dariya shekarar farko, domin layinsa yakan tafi kamar hanyar maciji. Bai daɗe ba ya zama cikin waɗanda ake sa wa gaba in an fita gayya. Da rani kuma sai ya ɗora wa jakinsa gyaɗa zuwa Batsari, ya komo da gishiri da kanwa. Yana da amya a kan itatuwa da dama, kuma zumarsa ba ya kai ta kasuwa sai ya ɗebar wa masu jego da marasa lafiya na unguwa.

Yana da halaye da ba kowa ke iya zama da su ba. Ba ya aron kayan aiki, ko da lauje ne. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya kuma yarda a yi magana a kan akushi. In ya ga namiji yana ba da labarin ciwonsa sai ya tashi ya bar wurin. Ni yana kirana Tsoho, saboda sunan mahaifinsu aka sa mini, kuma duk dukan da na sha a hannunsa da wannan sunan na sha shi. Yakan ce, "Zo nan, Tsoho, yau zan rama abin da ka yi mini."

Na riga na yi aure, muna noma gandu ɗaya ni da shi, lokacin da ya faɗo daga kan kuka wajen ɗaura amya. Reshe ne ya karye da shi. Ƙashin cinya ya karye, gwiwa ta tarwatse. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma da aka kwance karan ɗorin sai ƙafar dama ta fito gajera, kuma ba ta lanƙwasuwa. Ya yi rani guda a kwance. Da ya fara tashi sai ya hana kowa kama shi. Na sha ganinsa ya faɗi tsakanin ɗaki da bayan gida, Inna tana tsaye da hannu a baki, yana harararta kada ta matso.

Damina ta faɗi. Ya yi shuka da kansa, ni ina sara da sungumi shi yana bi yana zuba iri yana rufewa da ƙafar mai lafiya. Amma ya raba aikin. Ya ce ni in riƙe gonar dawa, babbar gonar gero ta bakin rafi tasa ce, kada in taɓa. Noman fari ya yi shi a zaune, yana jan jiki da 'yar fartanya. Kafin ya kai ƙarshe, farkon ya sake cika da ciyawa. Lokacin huɗa ya yi, maƙwabta suka gama nasu, gonar Baffa tana nan gero ya yi ja, ciyawa ta kai gwiwa.

Na yi masa magana sau ɗaya. Ya ce yana da dabara, in bar shi. Ban tambaye shi wace dabara ba ce.

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na ji tausayinsa, amma ba tausayi kaɗai ya tura ni ba. A bakin masallaci ana cewa ga ɗan da ya riƙa, ƙato, yana kallo gonar ubansa tana mutuwa. Wannan magana ta fi ciyawar damuna. Kuma ina so a ce ni ne na tara gari.

Na jira ranar kasuwar Batsari, da na ji ya ce zai je wurin maƙeri. Na bi gidaje na gaya wa maza cewa akwai gayya a gonar Baffa. Na kira makaɗi. Na sa matata ta yi fura da tuwo daga hatsin ɗakina. Ba wanda ya tambaye ni ko Baffa ya sani, domin ba wanda ya zaci za a kira gayya a gonar mutum mai rai da hankali ba da bakinsa ba. Kafin rana ta karkata an huɗe gonar kaf, ta yi kyau kamar an share ta. Makaɗi ya yi mini kirari, 'yan mata suka yi guɗa, na ji daɗi ƙwarai.

Muna cikin cin tuwo a gindin tsamiya sai ga shi a kan jaki. A gabansa akwai sabuwar garma, ƙarama, mara nauyi, da ƙota mai tsawo wadda aka lanƙwasa ta wata irin lanƙwasa da ban taɓa gani ba. Daga baya na ji ya daɗe yana kai-komo wurin maƙerin, suna gwadawa suna gyarawa, don ya samu wadda zai iya ja ba tare da ya durƙusa ba. Dabarar ke nan.

Ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya gai da mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu sannu da aiki, ya sa musu albarka. Sannan ya tambaya daga wane gida tuwon ya fito. Aka nuna ni. Ya ce, "Madalla. Ashe mun yi Sarkin Gayya a gida ban sani ba." Ya juya jakinsa.

Wanda bai tashi cikin noma ba zai ce to mene ne abin ɓacin rai. A wajenmu gayya iri biyu ce. Akwai wadda mai gona yake kira da bakinsa, ya ciyar da mutane daga rumbunsa, kuma duk wanda ya zo masa, ranar da shi ma ya kira sai ya je. Wannan tsakanin maza ce. Akwai kuma wadda ake yi wa gwauruwa da marayu da tsohon da ya gama, ba a tambayarsu, ba a jiran su rama, don Allah ake yi. Wanda aka yi wa irin wannan ba a ƙara neman shawararsa a kan iyakar gona ko rabon gandu. Ni na ɗauki Baffa na sa shi cikin waɗannan a gaban gari duka, da ganga. Ba a yi kwana nawa ba ɗan aiken dagaci ya zo gidanmu da wata magana, ya wuce Baffa a zaure ya ce ni yake nema.

Hanya ɗaya ta rage masa ya mai da gayyar nan ta maza, ita ce ya rama. Ya kuwa rama. Duk wanda ya sa garma a gonarsa ran nan, da ya kira tasa gayyar, sai a ga Baffa ya riga kowa zuwa, ya ɗaure jakinsa, ya shiga sahu. Mutane suka roƙe shi. Suka ce sun yafe, don Allah suka yi. Ya ce shi bai kai lokacin da za a yi masa don Allah ba tukuna.

Na kasance a ta farko. A gayya kowa yana kama layinsa, a tashi tare, makaɗi yana zuga na gaba yana zolayar na baya. Kafin a ce me, samari sun kai ƙarshe sun juyo, Baffa bai yi nisa da inda ya fara ba. Yakan kafa ƙafar mai lafiya, ya sara, ya ja, sannan ya jawo ɗayar kamar itace. Makaɗi ya sassauta hannu, ya zo kusa da shi ya ce, "Baba, ka yarda in huta." Baffa ya ce masa bai ga ya huta wa kowa ba, kuma abin da yake faɗa wa na baya shi ma ya faɗa masa. Makaɗin ya faɗa. Ya kira shi kunkuru, ya tambaye shi ko sai kaka zai iso. Ba wanda ya yi dariya sai Baffa. Wani yaro ya zo zai kama masa layin daga ɗaya gefen, sai Baffa ya ɗaga masa garma. Aka gama, aka zauna cin abinci, yana can tsakiyar gona shi kaɗai. Ba wanda ya iya sa hannu a akushi. Haka aka zauna tuwo ya huce, har Baffa ya fito.

Haka ya yi sauran daminar da wadda ta biyo baya. A hankali ya saba da garmar, hannuwansa suka yi ƙarfi irin wanda ban taɓa gani ga mutum ba, ya daina zama na ƙarshe kullum. Mutane suka gaji da jin nauyinsa, suka koma zolayarsa da gaske, kuma ina jin abin da yake nema ke nan. Da aka zo ɗibar mutanen aikin hanya, lokacin da Bature ya ce a gyara ta don mota, ɗan aiken dagaci ya tsallake shi ya ce ai gurgu ba ya ciki. Aikin nan kowa gudunsa yake, wasu har daji suke kwana. Baffa ya hau jaki ya bi su, ya zauna a bakin hanya yana fasa dutse har aka sallami kowa. Bayan wannan ba a ƙara wuce shi a zaure ba.

Ba zan ce duk abin da ya yi daidai ne ba. Yana can gonakin mutane, gyaɗarsa ta lalace, kuma da ya dawo da yamma ƙafar takan kumbura har ba ya iya sa ta ƙasa. Inna ce mai dafa ruwa tana gasa masa, ita ce mai auna hatsi tana ƙara ganyen tafasa don ya kai. Ta taɓa ce masa a gabana, in mazantaka yake so ya nuna wa gari, to ya tuna cikinta ba na gari ba ne. Ya ce ta faɗa wa Sarkin Gayya. Ta juyo ta dube ni.

Tun daga ranar gayyar da na kira bai ƙara kirana Tsoho ba. Bai yi gaba da ni ba, bai raba gandu ba, ya yi wa 'ya'yana huɗuba, amma sunana ya zama Sarkin Gayya, a gida da waje, har yara suka ɗauka. Ni kuwa na kafe. Duk wanda ya tayar da maganar sai in ce gonar da ta mutu ba don ni ba, kuma geron da aka ci a shekarar ai daga ita ya fito. Wannan gaskiya ne, shi ya sa na daɗe a ɓoye bayansa.

Shekaru bayan haka gobara ta tashi a sashena da rani, da tsakar rana, ta cinye ɗaki da rumbunan hatsina. Jama'a suka taru suna salati, kafin yamma an fara kawo mini dami. Na karɓa ina godiya, amma duk wanda ya ajiye nasa ya dafa kafaɗata sai in ji kamar na ragu. Baffa ya bari suka watse. Ya zo ya yi tambayarsa, na ce babu abin da ya saura. Ya sa sandarsa ya tona tokar rumbun, ya ture baƙin da ke sama, sai ga gero a ƙasa wanda wuta ba ta kai gare shi ba, ya yi ƙauri amma zai ciwu. Ya ce in kawo faifai da ƙwarya. Da muka gama kwashewa ya tsaya yana kakkaɓe hannu, ya ce, "Gobe za ka fara ginin rumbu. Kana so in zo, ko kai kaɗai za ka yi?"

Na ce ina so ya zo. Ya zo, ya zauna ya miƙe ƙafa yana cuɗa ƙasa da hannu yana miƙo mini. Mun yi kwanaki a haka, daga ni sai shi. Na gane abin da tambayar nan take nufi tun a lokacin, kuma na san ya san na gane. Maganar ta zo mini baki ba sau ɗaya ba. Sai in dube shi in ga yana gyara bakin rumbu da yatsa, in ce bari sai an gama. Aka gama, aka ɗora jinka, ban faɗa ba.

Ya tsufa a gonar bakin rafi. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, shi da kansa ya rage ta, ya yanka mini rabi, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa yanzu. Daga baya ya sake yankawa. Har ya rasu akwai ɗan fili da ba mai taɓawa sai shi. A 'yan shekarun nan da ake ta zancen Turawa za su tafi, samari sukan zo su ba shi labarin abin da suka ji a Katsina. Yakan saurara, sannan ya tambaye su ko sun gama maimai a gonakinsu.

A daminar da ta wuce na lura ya fara hawa jaki da ƙyar, kuma numfashinsa yana fita da ƙara. Inna ta tare ni a ƙofar gida wata safiya, ta ce in ina da abin da zan gaya wa Baffana in daina jiran ranar da ta dace, don ita ta ga abin da ta gani. Ban tambaye ta me take nufi ba. Na wuce gonar tawa na nufi bakin rafi.

Na same shi a zaune tsakanin layuka yana cire ciyawa da hannu, garmar tana gefe. Na yi sallama, na gai da shi, na tambayi kwanan ƙafa, ya ce ƙafa ta gode. Ya leƙa bayana.

"Sarkin Gayya, yau kuma su wa ka gayyato?"

Na ce ni kaɗai ne.

"To matsa gefe, kana taka mini wake."

Na matsa. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa, ni da furfurata. Ya ga ban tashi ba, sai ya ajiye ciyawar da ke hannunsa ya jira. Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi ƙafa mai lafiya a inda ya tafi. Bai taimake ni da ko kalma ɗaya ba, ya bar ni na kai ƙarshen layina da kaina.

Na ce, "Baffa, ka ce in bar ka, ban bari ba. Ka ce kana da dabara, ban tambaye ka ba. Gonarka ce, na tara mata mutane ba da bakinka ba, na ciyar da su daga tukunyata don a yabe ni, kai kuma ka biya da ƙafarka. Na san haka tun ranar da ka sauko daga Batsari da garmar nan. Ban kyauta ba. Ka yafe mini."